Ranar da bishiyata ta yi hawaye gaban ƴan foyandi

Kun dai san ni da shuka ba ma shiri. Tukwane uku na saya wurin masu fulawa na bakin kogi, can gefen unguwar Yantala a nan Yamai, zafin Afrilu ya soye su ƙurmus. To da foyandi, wato taron adashenmu na mata, ya zagayo kaina, sai na faɗa Babbar Kasuwa na ɗauko bishiyar roba ƴar Sin, tsayinta ya kai kafaɗata, jaka 18 bayan ciniki har da rantse-rantse. Gindinta siminti ne, rassan kuma waya ce a ciki, duk inda ka lanƙwasa nan za ta tsaya. Na wanke ganyen da Omo, na shafe su da ɗan man gyaɗa don sheƙi, na barbaɗa ƙasa ta gaske a bakin tukunyar, na girke ta a kusurwar salo.

Da na kama bakina da an rabu lafiya. Amma Tanti, yayar Baban yara, tana shigowa ta ja ta tsaya: "Ikon Allah! Amarya, cikin wannan zafi na Yamai?" Shekara 11 ina gidan nan, har yau amarya nake a wurinta. Sai kaina ya kumbura. Na ce ai hannu ne, Tanti. Na ce da asuba nake ba ta ruwa, kuma na randa, ba na pampo ba. Shaiɗan ya ƙara zuga ni, na ce har tukar shayi nake zuba mata. Mata 14 suna ta gyaɗa kai.

Sai maƙwabciyar nan tawa, mai tabarau, ba sai na faɗi suna ba. Matar da zubi biyu ake bin ta amma ita ce ta farko a bakin tire. Tun Sallar layya ta ari babbar kulata, ta maido ba murfi, wai yara ne. Sau ɗaya ta taka Dubai, shi ke nan mun shiga uku, ko albasa aka yanka sai ta ce ba haka ake yi a can ba. Ita ce ta matso ta ce, "Maman yara, ki yanko mini reshe ɗaya in dasa." Na ce ta bari sai damina.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗaki ya ɗauki warin zufa da na miya. Na ce wa yarinyata ta kawo kaskon turare. Ta kawo, garwashi jajir, ta rasa inda za ta ajiye sai ƙarƙashin bishiyar. Ni ina can ina ƙirgar kuɗi.

Da farko ƙamshi ne ya tashi. Can sai wani wari ya biyo baya, irin na bola in an cinna mata wuta. Wata ta duba takalminta. Wata ta ce ko waya ce ta kama, aka ce da wace wutar? Sai muka ji "cuuu". Duk muka waiga. Ganyen ƙasa ya nannaɗe, ya miƙe kamar cingam, yana ɗiga kore shar cikin garwashi. Ɗis. Cuuu. Ɗis. Ga waya tsirara ta leƙo. Ba wadda ta ce uffan.

Tanti ta dafa gwiwa ta tashi, a hankali, da ciwon ƙafarta da komai. Ta janye kaskon. Ta tone ƙasar da yatsa, ta ƙwanƙwasa: ƙwas, ƙwas. Ta juya wani ganye, ga ƴar takardar shago manne da na manta ban ɓamɓare ba. Ta kalle ni ta ce, "Amarya, shayin nata da sukari ko babu?"

Wallahi har da masu faɗuwa daga kujera. Uwar adashe tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa "ai daman... ai daman..." kawai nake ta yi, kuɗi a hannu, na manta ko nawa na ƙirga.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai tabarau ce ta ɗaga murya: "Ni fa tun da na shigo na gane." Ke? Ke da kika roƙi reshe?

Na dai juya gefen da ya ƙone ya kalli bango. Baban yara yanzu hularsa yake ratayewa a kai. Murfin kula kuma har yau shiru.