Siminti ba ya ceton tsohon ginin ƙasa

Mutane da yawa na ɗauka cewa yaɓen da ake maimaitawa duk shekara a wuraren tarihi ɓarnar kuɗi ce, a shafe bango da siminti sau ɗaya a huta. A gandun tarihi na Pecos da ke jihar New Mexico a Amurka, inda kangon cocin ƙasa na 1717 yake, ma'aikatan wucin gadi kan dawo lokacin zafi su buga bulon ƙasa su lulluɓe tsohon bango. Da gangan ake yin sabon don ruwa ya ci shi, na asali ya tsira.

Bangon ƙasa yana tsotsar danshi daga tushe, yana fitar da shi ta jikinsa. Siminti kan toshe wannan hanya. Danshi da gishiri su taru a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan, ƙasa ta ruɓe alhali waje sumul. Ranar da ɓawon ya ɓalle, sai a tarar gindin bango ya zaizaye.

Aikin yana farawa ne daga ƙasa: a cire ciyawar da saiwarta ke shiga bango, a gyara gangare don ruwa ya yi nesa da tushe. Sannan a yayyafa wa bango ruwa, a yi yaɓe siriri, a bari ya bushe kafin a ƙara wani. Laka ta yi yawa, yaɓe ya tsage. Yashi ya yi yawa, ya marmashe. Shi ya sa ake gwada haɗin a ɗan gefe tukuna. Ba a yaɓe a tsananin sanyi, domin ɗanyen yaɓen da ya daskare zubewa yake.