Ciwon sanyin da aka yi a baya: inda fargaba take da tushe

Mutane da yawa, maza da mata, suna ɗauke da wata fargaba da ba sa iya faɗa wa kowa. Sun taɓa kamuwa da ciwon sanyi ko wata cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, sun sha magani, alamun sun ɓace, amma duk ranar da baya ya riƙe ko haihuwa ta yi jinkiri sai hankalinsu ya koma can. A ganina fargabar tana da tushe, sai dai yawancinmu muna kai ta inda ba za ta amfane mu ba.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne yadda aka yi maganin tun farko. Gonoriya da kilamidiya da tunjere duk suna warkewa sarai idan an sami maganin da ya dace kuma an kammala shi, ba kuwa sa maƙalewa a jini bayan haka, duk da abin da masu tallar magani da lasifika suke shela a bakin kasuwa, waɗanda a wurinsu ciwon baya da kasala da raunin mazakuta duk sanyi ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da ya shiga kemis ya sayi kafso huɗu, da fitsari ya daina zafi ya jefa sauran a aljihu, bai kuma ce wa matarsa komai ba. Ƙwayar gonoriya ta daɗe da bijire wa magunguna irin su ciprofloxacin a ƙasashe da dama, shi ya sa likitoci suka koma kan allurar ceftriaxone. Shi kuwa tunjere, gyambonsa na farko yana warkewa da kansa ko ba a yi masa komai ba, cutar ta kwanta shekaru, daga baya ta taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, ko ta kama jariri a ciki.

Mace ce ta fi ɗaukar nauyin wannan sakaci. Kilamidiya sau da yawa ba ta nuna wata alama a jikinta, tana hawa a hankali daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo a can. Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya goge tabon. Daga nan ne ake samun ciwon mara da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da cikin da ke zama a wajen mahaifa, wanda ke iya fashewa ya halaka mace cikin sa'o'i, da kuma rashin haihuwa. Abin takaici, ita ce dangin miji suke kira juya, alhali wataƙila daga ɗansu cutar ta fito. Namiji ma bai tsira ba, domin gonoriyar da aka yi wa riƙon sakainar kashi tana iya ƙuntata hanyar fitsari ko ta kumbura maraina har maniyyi ya raunana.

Ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B suna iya zama shekaru shiru, gwajin jini ne kaɗai ke tona su, kuma suna cikin abin da dokar gwaji kafin aure ta Jihar Kano ta 2024 ta wajabta. Ƙwayar cutar HPV kuwa, wadda ita ma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, jiki yakan kawar da mafi yawanta cikin shekara 2, amma wadda ta zauna tana iya zama sankarar bakin mahaifa, dalilin da ya sa Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a 2023.

Wanda ya taɓa yin tunjere ya sani cewa wani nau'in gwajin yakan ci gaba da nuna alamar cutar har ƙarshen rayuwa ko da an warke, saboda haka ya gaya wa likita tarihinsa kafin ya firgita da takardar sakamako. Ma'auratan da suka shekara ba ciki kuwa su je asibiti tare, a fara da gwajin maniyyin miji, domin ya fi sauƙi da araha a kan hoton bututun mahaifa da ake yi wa mace.