Cinikin boga da haƙƙin yaro a gaban alƙali

Ba'amurke zai iya yi maka shiru a kan siyasa, amma da wuya ya yi shiru idan ka ce bogar garinsu ba ta kai ta wani gari ba. Abincin kansa ba wani abu ne mai wahala ba: niƙaƙƙen nama ne a dunƙule shi, a gasa ko a soya, a cusa tsakanin burodi. Sai dai kowane gari da irin hannunsa. A Minneapolis akwai shaguna biyu a kan titi ɗaya, Matt's Bar da 5-8 Club, da suka daɗe suna jayayya kan wanda ya fara ɓoye cuku a cikin naman, ta yadda in ka gatsa sai ya malalo da zafinsa. A El Reno ta jihar Oklahoma, albasa ake yankawa siriri a danne ta cikin naman a kan ƙarfe mai zafi, dabarar da talauci ya haifar a zamanin da albasa ta fi nama araha nesa ba kusa ba. A New Haven kuwa, Louis' Lunch, wanda masu shi ke cewa tun 1900 suke wannan sana'a, har yau a yankan burodi gasasshe yake ba da nasa, kuma ko ka roƙa ba za a zuba maka miyar tumatirin kwalba ba.

Ina ganin ƙimar irin waɗannan wurare, kuma ba don daɗin baki kaɗai ba. Ƙaramin shagon boga na unguwa wuri ne da malamin makaranta da direban babbar mota da ma'aikaciyar asibiti ke zama kujera kusa da kujera. Mai shagon ya san wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka sallama daga aiki. Shi ya sa idan wata ƙungiya a gari tana neman tallafi, ƙofarsa ake fara bugawa. Tsarin sananne ne a can: a ware wani dare, a raba takardu, a ce duk wanda ya zo cin abinci a wannan daren za a cire wani kaso na cinikin, sau da yawa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, a bai wa ƙungiyar. A gefen akwatin kuɗi kuma za ka ga kwalba ta zuba canji. Cikin masu cin moriyar wannan tsari akwai ƙungiyoyin da ke tsaya wa yaran da hukuma ta ɗauke daga hannun iyayensu.

Alaƙar boga da irin waɗannan yara ta wuce kwalbar canji. Dave Thomas, wanda ya buɗe Wendy's na farko a Columbus ta jihar Ohio a 1969, shi kansa ɗan riƙo ne, tun yana jariri aka ɗauke shi, kuma a 1992 ya kafa gidauniyar nema wa yaran gidajen riƙo iyaye na dindindin. In-N-Out, wanda ya soma a Kalifoniya a 1948, yana da gidauniyar taimakon yaran da aka ci zarafinsu ko aka yi watsi da su. Duk wannan alheri ne, ban kuma zo don in rage masa daraja ba. Abin da nake ja a kansa shi ne a bar samun mai tsaya wa yaro a kotu ya dogara da yawan waɗanda suka fito cin boga a daren Talata.

Yara fiye da 300,000 ne ke gidajen riƙo a Amurka a kowane lokaci, kuma akwai shekarun da adadin ya haura 400,000. Fiye da rabinsu ba duka ko fyaɗe ne ya kawo su ba, sakaci ne aka rubuta a takarda, kalmar da sau da yawa ke tafiya tare da talauci da shaye-shaye da rashin matsuguni. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da shari'a a gaban alƙali. A ƙaddara yarinya ce 'yar shekara tara da ƙaninta ɗan shekara huɗu. An ɗauke su cikin dare, an zuba kayansu a baƙar leda, aka kai ta wani gida, aka kai shi wani. A ɗakin shari'a hukumar kula da yara ta zo da lauyanta. Uwar, a yawancin jihohi, an ba ta lauya. Alƙali yana da tarin fayil a gabansa da mintoci kaɗan ga kowanne. A cikin waɗannan mintoci za a yanke inda yarinyar za ta kwana, makarantar da za ta je, ko za ta ga ƙaninta a wannan watan, ko a ba ta ga gwaggonta da ke wata gunduma. Dokar tarayya ta 1997 ma ta sa agogo a kan lamarin: idan yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan a gidan riƙo, jiha ta fara neman a yanke haƙƙin iyaye, sai in akwai dalili na musamman. Duk wanda ke ɗakin yana da mai magana da yawunsa. Ita wadda rayuwarta ake rabawa, a wasu jihohin ba ta da lauya ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da laifi ake tuhumarta da shi, da ta samu lauya. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Gerald Gault, yaro ɗan shekara 15 a jihar Arizona da aka zarga da buga wa maƙwabciya wayar batsa, aka tura shi gidan horo har sai ya cika 21, alhali babba da ya yi haka tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu ne iyakarsa. Kotun ta ce yaron da ke fuskantar tsarewa yana da haƙƙin lauya. Har yau Kotun Ƙolin ba ta ba yaron da aka zalunta irin wannan haƙƙi ba. Dokar tarayya ta 1974 kan cin zarafin yara ta ce jihar da ke karɓar kuɗin tarayya ta naɗa wa yaro wakili a kotu, amma ba ta wajabta wakilin ya zama lauya ba. Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Wasu na ba kowane yaro lauya, wasu sai ya kai wasu shekaru, wasu sun bar abin ga ra'ayin alƙali.

A wannan giɓin ne CASA ta tsiro, wato tsarin 'yan sa-kai da kotu ke naɗawa su tsaya wa yaro. A 1977 wani alƙali a Seattle ta jihar Washington, David Soukup, ya damu da cewa yana yanke hukunci kan makomar yara ba tare da isasshen bayani ba. Sai ya nemi mutanen gari su ba da kansu, a horar da su, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya bi lamarinsa har ƙarshe. Tsarin ya bazu zuwa kusan dukkan jihohi. Ɗan sa-kai yana samun horo na kimanin awa 30, alƙali ya rantsar da shi, sannan ya shiga aiki: ya ziyarci gidan riƙon, ya zauna da malamar aji, ya karanta takardun asibiti, ya rubuta wa alƙali rahoto. Ma'aikatan jin daɗin jama'a kan canza, gidajen riƙo kan canza, wani lokaci alƙalin ma ya canza, amma ɗan sa-kai nagari yana nan. Shi ne zai lura cewa gilashin idon yarinyar ya ɓata tun ƙaura ta biyu ba wanda ya sake mata, shi ya sa karatunta ya ja baya. Wannan aikin ba ƙarami ba ne, kuma kuɗin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke samu daga daren boga nan yake tafiya, wajen horo da albashin masu sa ido kan 'yan sa-kan.

To amma ɗan sa-kai ba lauya ba ne, kuma bambancin ya wuce na takardar makaranta. Shi aikinsa ya gaya wa alƙali abin da yake ganin ya fi zama alheri ga yaron. Lauyan yaro kuwa, inda aka tsara abin da kyau, aikinsa ya ji abin da yaron ke so, ya ba shi shawara, ya riƙe sirrinsa, sannan ya yi yaƙi a kai da kayan aikin shari'a: ya shigar da buƙata, ya kira shaida, ya yi wa shaidar hukuma tambayoyi, ya ɗaukaka ƙara. Idan yarinyar ta ce gidan gwaggonta take so, ɗan sa-kai kuma ya ga gidan riƙon ya fi tsafta da faɗi, ra'ayinsa ne zai fi nauyi a rahoto. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya. Mai yiwuwa kuma ya auna gidan talaka da ma'aunin gidansa. Masu sukar tsarin sun daɗe suna nuna cewa akasarin 'yan sa-kan mata ne farar fata masu rufin asiri, yayin da yaran baƙar fata da na asalin mazauna ƙasar suka fi yawa a gidajen riƙo fiye da kasonsu a cikin al'umma. Wannan ba zargin mugunta ba ne. Mutum mai kyakkyawar niyya ma yana iya kallon yara huɗu a ɗaki ɗaya ya ga haɗari, inda su yaran suke ganin gida.

Akwai masu cewa yaro ƙarami bai san abin da ya dace da shi ba, don haka ba shi lauyan da zai bi son ransa haɗari ne. Ga jariri, gaskiya ne ba ya iya ba da umarni, kuma dokokin aikin lauya sun tanadi yadda ake yi da wanda ba ya iya bayyana kansa. Amma ɗan shekara tara ya san wanda ke dukansa da wanda ke ba shi abinci. Kuma lauya ba shi ne ke yanke hukunci ba, alƙali ne. Abin da ake nema kawai shi ne maganar yaron ta isa kunnen alƙali da ƙarfi daidai da na sauran. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta faɗi haka a sashe na 12, cewa a saurari yaro a duk shari'ar da ta shafe shi. Amurka ta sa hannu a 1995, amma ita kaɗai ce cikin mambobin Majalisar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba.

Ko inda ake naɗa lauyan ma, suna kawai ba ya isa. A 2005 wata kotun tarayya a jihar Jojiya, a shari'ar da aka sani da Kenny A., ta duba yadda ake wakiltar yaran gidajen riƙo a yankin Atlanta, ta tarar a gundumar Fulton lauya ɗaya yana riƙe da yara fiye da 400. A lokacin, ƙungiyar lauyoyin yara ta ƙasar tana ganin bai kamata a wuce 100 ba. Lauyan da ke da yara 400 ba zai san fuskokinsu ba, balle sunan gwaggo. Kotun ta ce yaran suna da haƙƙin lauya mai iya aikin da gaske.

Nan ne lissafi ke fitowa fili. A ƙaddara shago ya yi cinikin dala 3,000 a daren tallafi, ya ba da kashi 15 cikin ɗari. Dala 450 ke nan. Kuɗi ne na gumi, daga mai shagon da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma zai taimaka wajen horar da ɗan sa-kai. Amma shari'ar yaro ɗaya kan ɗauki shekara biyu ko fiye, da zaman kotu iri-iri. Kuma gundumar da ta fi yawan yara masu buƙata ita ce sau da yawa ta fi ƙarancin masu rarar kuɗin fita cin abinci. Sadaka tana bin inda masu hali suke, shi kuwa haƙƙi dole ya je duk inda yaro yake. Hukumar da ke da ikon shiga gida ta ɗauke ɗa daga hannun uwarsa, ita ce ya wajaba ta biya wanda zai tsaya masa, daga baitulmalin da take biyan nata lauyan.

Uzurin rashin kuɗi ma ya ragu. Tun daga 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar mayar wa jihohi har rabin abin da suka kashe wajen ɗaukar lauyoyi ga yaran da suka cancanta da iyayensu. Jihar Washington, mahaifar CASA, ta daɗe cikin jihohin da ba su tabbatar wa yaro lauya ba, sai a 2021 majalisarta ta zartar da dokar ba yara 'yan shekara takwas zuwa sama lauya, ana aiwatar da ita gunduma bayan gunduma. Dokar ba ta kori 'yan sa-kai ba. Yaro na iya samun duka biyun, mai lokacin zama da shi a falo da mai ikon tashi tsaye a kotu, kuma ni a ganina haka ya fi.

Kowace shekara dubban matasa ne ke cika shekarun barin gidan riƙo ba tare da an mayar da su gida ko an sama musu iyali ba. Da yawansu sun yi shekaru ana zama a kansu a kotu, wasu ba a taɓa tambayarsu a gaban alƙali abin da suke so ba. Shi ya sa nake so daren boga ya yi aiki biyu. Mutanen da suka cika shagon masu jefa ƙuri'a ne, ɗan majalisar jiha ma a nan yake cin abinci idan ya dawo mazaɓarsa. Takardar da ake rabawa a bakin ƙofa, wadda ta ce kashi 15 na cinikin yau na yara ne, tana da sarari a bayanta. A rubuta a wurin ko dokar jihar ta ba kowane yaro lauya, yara nawa lauya ɗaya ke riƙe da su a wannan gunduma, ko jihar tana karɓar rabin kuɗin da tarayya ta ce za ta mayar, da sunan ɗan majalisar da za a tambaya.