Tulun Da Ba Kullum Yake Kamu Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A dazuzzukan tsibirin Borneo da ke kudu maso gabashin Asiya akwai wani tsiro mai suna Nepenthes wanda Allah Ya sanya arzikinsa a jikin ƙwari. Ƙasar da yake fitowa ba ta da albarkar taki, sai aka hore masa wata hanyar. Bakin ganyensa yakan miƙe kamar igiya, ya kumbura ya zama ɗan tulu har da murfi. A cikin tulun akwai ruwa mai narkar da nama, a leɓensa kuma ruwan zaƙi ke tsattsafowa. Wani nau'insa da ke kan dutsen Kinabalu a Malesiya tulunsa yana ɗaukar ruwa sama da lita 2, har ɓera an taɓa tsinta a ciki ya nutse. Subhanallah, abin da ba ya iya ɗaga ƙafa daga inda aka dasa shi, ga abincinsa yana zuwa masa da ƙafafunsa.

Yana da 'yan uwa a wannan sana'a. A jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka akwai mai ganye kamar baki, wanda ba ya rufewa sai ƙwaro ya taɓa gashinsa sau biyu cikin daƙiƙa kamar 20. Wannan kamu yake yi nan take.

Na Borneo ya fi ba ni tsoro, domin shi ba ya gaggawa. Leɓen tulun ba ya santsi sai ya jiƙe. Idan rana ta take ya bushe, tururuwa za ta hau, ta sha zaƙi ta ƙoshi, ta sauka lafiya lau. Ba ta tsaya nan ba, komawa gida take yi tana barin alamar ƙamshi a hanya, 'yan uwanta su biyo sahu. Da yayyafi ya sauka ko raɓa ta kwanta, wurin da ake tsayawa ɗazu sai ya zama sulɓi, su riƙa zubawa ciki rututu. Bangon tulun kuwa ba ya riƙe ƙafa, wadda ta faɗa ba ta fitowa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa a Suratul A'araf, aya ta 182, cewa waɗanda suka ƙaryata ayoyinSa zai yi musu talala ta inda ba su sani ba. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ce an kewaye Aljanna da abubuwan da rai ba ya so, an kewaye Wuta da sha'awoyi.

Ɗan uwa, ka ci kuɗin ruwa sau ɗaya ba abin da ya same ka. Ka tauye mudu, kasuwa ta ƙara buɗewa. Ka buɗe abin da bai halatta ba a waya cikin dare, gari ya waye ba wanda ya sani. Sai zuciya ta ce maka ai malamai tsoratarwa kawai suke yi. Ni a ganina wannan tsirar ta farko ta fi kamun hatsari, don wanda ya ƙone a ranar farko da wuya ya koma. Kada mu ɗauki jinkirin Allah a matsayin yarda.

Abin da ya fi nauyi shi ne sahun da muke bari. 'Yar uwa, hoton nan ko gulmar nan da kika tura wa ƙawaye, su ma sun tura. Ɗan uwa, abokin da ka koya wa caca a intanet, watakila kai ka daina shi yana ciki har yanzu. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi, ba tare da an rage musu komai ba.

Ka yi istigfari, ka goge abin da ka yaɗa in yana goguwa. Sannan ka nemi wanda ka ja, ka gaya masa da bakinka cewa ka tuba, shi ma ya dawo.