Ian Carr ba busa kaɗai ya yi ba

Madalla da labarin da kuka kawo a kan Ian Carr, mabushin ƙaho (trumpet) na kiɗan jaz, amma kun taƙaita batun littattafan da ya rubuta, kamar busa ƙaho kaɗai ya iya. Haifaffen Dumfries ne a Sikotlan, 1933, kuma shi ya koya wa kansa busa. Ƙungiyarsa Nucleus, wadda ya kafa a 1969, ta haɗa kiɗan jaz da na rok, har ta zo ta ɗaya a bikin kiɗan jaz na Montreux a Switzerland na 1970. To, ni dai a ganina tarihin Miles Davis, shahararren mabushin jaz na Amurka, da Carr ya wallafa a 1982 ya fi komai nauyi, don mabushi ne ke bayanin mabushi, ya san wahalar leɓe da numfashi. Ya kuma rubuta tarihin Keith Jarrett, makaɗin piyano na Amurka. Carr ya rasu a Landan, 2009, bayan fama da ciwon mantuwa.