Wata teɓar 'yar yunwa ce

A ƙauyukanmu, mutum ya dawo daga ci-rani da tumbi, sai ka ji ana "Alhaji, duniya ta samu!" Amarya kuwa ta yi wata shida ba ta murje ba, gwaggonni sun fara ƙus-ƙus ko miji ba ya ciyarwa. Daga nan ake faɗawa ƙwayar sha-ka-fashe, mai kumbura fuska ta jawo hawan jini da ciwon suga. In ƙibar ta wuce misali kuma, bakin da ya yaba shi zai ce haɗama ce.

A ganina duka biyun kuskure ne, domin jiki yana da nasa lissafin. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa. Da mutum ya fara ramewa sai leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo. Sai ta yi irin ta maigidan da ya leƙa rumbu ya ga ƙasa: ta ƙulle ƙofa, ta rage ƙona abinci, ta ƙara yunwa. Shi ya sa mai rage ƙiba yake komawa gidan jiya. Gado ma yana da hannu, kowa ya san gidan da ko kunu suka sha sai ya zauna musu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne darasin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945. 'Ya'yan da iyayensu mata suka ɗauki cikinsu a lokacin, da suka girma sun fi fama da ƙiba da ciwon suga. To, dubi mai ciki a wani ƙauyen Ringim cikin Agusta, tsohon gero ya ƙare, sabo bai nuna ba. Jaririnta ya koyi tattali tun a ciki. Ya girma ya tarar babur ya karɓe tafiyar ƙasa, inji ya kwantar da taɓarya, fura ba ta shiga sai an antaya mata sukari, ga taliyar leda da lemon kwalba a tireda.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022. Naira goma! Ko ruwan leda ba ta saya. Da ma kuɗin ake juyawa zuwa ciyar da masu ciki a wajen awo, musamman tsakanin Yuli da Satumba.