Honarabul, layin nan aikinka ne

Ni kam tun ranar Laraba raina bai kwanta ba wallahi. Kun dai ji abun da ya faru a layinmu, mota ce ta buge wata yarinya 'yar shekara bakwai da ɗan hijabinta da jakar Islamiyya, ana kiran magariba. Allah ya taƙaita a karayar ƙafa. Na je dubiya, uwar ta kasa ce min komai sai hawaye. Amma abun da ya sa na ɗauki waya yau shine maganar kansilanmu. Matasa sun haɗa kuɗi sun sayo siminti da yashi za su yi tudun rage gudun mota a bakin kwanar layin, dattawa suka ce a tsaya a sanar da honarabul tukunna don kar a ce an yi gaban kai, aka je har gida, amsar da ya bayar wai wannan ba huruminsa bane, maganar titi ta jiha ce.

Aikinka ne honarabul. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai gina hanyoyi da layuka da kula da su, da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, har da tashoshin mota. Ba titin Bauchi zuwa Gombe muka kawo maka ba, layin unguwa ne wanda ka bi gida-gida da ƙafarka lokacin kamfen, ka san kowace ƙofa, ka san inda kwanar take. Majalisarku tana da ikon yin dokar ƙaramar hukuma, kai ne bakinmu a can. In kai ba ka kai maganar ba waye zai kai, mai shayin bakin layi?

Na san za a ce ba kuɗi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, toh mu bar ma wannan, a ɗauka aljihun hukumar ba ko sisi. Kiran mitin da mai unguwa da limamin masallaci da shugaban 'yan keke nawa yake ci? Rubuta takarda ɗaya a turo injiniya ya duba inda ya dace a sa tudu da tsayin da ya kamata, nawa ne? Simintin ma ai mun saya. Sa hannu muke nema da tsayuwa, don kar mu gina yau gobe a zo a fasa a ce ba izini.

Kuma jama'a ku duba lissafin nan dan Allah. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasar nan ta ce a cikin gari kar a wuce kilomita 50 a awa. Motar da take kan 50 ɗin ma kusan mita 14 take ci a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka kan birki an riga an wuce ƙofar gida ɗaya ko biyu. Toh ina ga yaron da ya ɗauko motar babansa bayan la'asar yana taka 80 a layin da keke biyu da ƙyar suke wuce juna. Kuma yaran nan ba baƙi bane, namu ne, mun san gidajensu, da iyayensu muke sahu ɗaya a masallaci, kowa yana jin nauyin ya yi magana. Shi yasa ake buƙatar wanda aka zaɓa ya tsaya a gaba, magana ta fito daga hukuma kar ta zama rigimar maƙwabta.

Sai maganar fakin, wadda ita ce ta rufe wa direban ido ranar Laraba. Tifa biyu ne suke kwana daidai kan kwanar tun bara, wani lokaci har da tankar ruwa. Yaro ɗan ƙarami ya fito ta tsakaninsu, shi bai ga mota ba mota bata ganshi ba. Wasu kuma sun mayar da garejin gidansu shago sun jera motocin a kan kwalta, ranar biki a kafa kanofi a toshe layin gaba ɗaya, mai naƙuda ko mara lafiya sai an zagaya da shi ta baya. A nan garin Gombe, daga Pantami zuwa Bolari zuwa Jekadafari duk wanda ka tambaya zai nuna maka irin wannan kwanar a unguwarsu.

Masu cewa iyaye su tsare yaransu a gida, Islamiyyar fa a cikin ɗaki za a yi ta? Masu cewa tudu yana lalata musu mota, ku rage gudu ba abun da zai taɓa motarku. Masu cewa ƙaddara ce, mun yi imani da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wanda kuma ya ce siyasa nake yi, ni na zaɓi mutumin nan da hannuna, shi yasa nake da bakin ce mishi aikinsa ne. Aikinka ne honarabul, ka zo ka tsaya a kwanar nan minti talatin kawai lokacin tashin Islamiyya.

Wani abun ma da yake ci min rai, muna yara akwai fili a bayan layin nan, da bishiyar darbejiya biyu da muke yin gola da su, nan muke buga ƙwallo har a kira magariba, 'yan mata suna gefe suna gaɗa. Yanzu shaguna ne a jere, ban san ranar da aka yanka shi ba, mun dai wayi gari mun ga bulo. Jiya da yamma na ga yaran layin sun ajiye silifas a tsakiyar kwalta sun yi gola, duk motar da ta taho sai ɗaya ya yi ihu su ɗauke ƙwallon su koma bakin kwalbati su jira ta wuce.